Yadda ake karanta takardar gwajin ƙasa da zuba wa ciyawar fili taki a nan Kudu

Cikin sana'o'in da 'yan uwanmu suka riƙe a nan Kudu akwai wadda ba a cika maganarta ba, wato kula da ciyawar fili. Ka shiga manyan gidajen Ikoyi da Lekki a Legas, ko Bodija a Badun, ko GRA ta Fatakwal, da wuya ka rasa mutumin Arewa riƙe da tiyo ko injin aske ciyawa. Haka abin yake a makarantu da otal-otal da filayen ƙwallo. Wasu aikin gadi aka ɗauke su aka haɗa musu da lambu, wasu kuma kwangilar suke karɓa gaba ɗaya.

Ni ma da wannan aiki nake ci. Da na zo, gani nake ai ni ɗan manomi ne, wa zai koya mini taki? A wani gida da na fara aiki ta wajen Lekki, ciyawar ta yi ɗorawa-ɗorawa, sai na ce wa maigidan a sayo kamfa. Na zuba, ba wani canji. Na ƙara, shiru. Daga nan na ɗauko yuriya na watsa da hannu da tsakar rana, ban bi ta da ruwa ba. Kafin kwana uku filin ya yi dabbare-dabbare kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. An yanke mini albashin watan, saura ƙiris in rasa aikin. Daga baya da aka kai ƙasar gwaji, sai takarda ta nuna ƙasar tsami gare ta sosai, sannan sinadarin da nake ta ƙara mata da kamfa tuni ya yi mata yawa. Ashe duk buhunan nan asara ce kawai.

Shi ya sa na tattara abin da na koya a nan, don wanda aka miƙa wa takardar gwaji ya san me take cewa, ya kuma san nawa zai zuba.

Dalilin da lissafin gida ba ya aiki a nan

A Kano ruwan da ake samu a shekara yawanci bai kai milimita 1,000 ba. A Legas yana wuce 1,500, a Fatakwal kuwa yana haura 2,000. Ruwa mai yawa wanke ƙasa yake yi. Yana tafiya da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ya bar ƙasar da tsami. Shi ya sa ƙasar Kudu, musamman ta kudu maso gabas da yankin Neja Delta, take da tsami ƙwarai.

Ga kuma matsalar ciko. Yawancin sababbin unguwannin Lekki da Ajah da yashin da aka haƙo daga ruwa aka cike su. Yashi ba ya riƙe taki, ba ya riƙe ruwa, wani ma yana zuwa da gishiri. A wasu gidajen kuma magina sun binne ɓaraguzan siminti da bulo, aka shimfiɗa baƙar ƙasa taƙi ɗaya a kai aka dasa ciyawa. Ido ba zai gaya maka duk wannan ba.

Sannan ciyawa ba masara ba ce. Masara wata uku zuwa huɗu take yi a girbe ta, ana neman zangarniya. Ciyawa kuwa ganye kawai ake nema, kuma shekara da shekaru tana wuri ɗaya. Duk abin da ka zuba fiye da ƙima, ko dai ya taru a ƙasar, ko ruwa ya kwashe shi zuwa kwata da rijiya.

Yadda ake ɗibar ƙasar da za a kai gwaji

In ɗibar ta ɓaci, takardar ma ta ɓaci. Ga yadda nake yi:

- Ka raba filin gida-gida. Gaban gida daban, bayan gida daban, inda ciyawa ta lalace daban, inda take da kyau daban. Kar ka gauraya su.
- A kowane ɓangare ka ɗiba daga wuri 15 zuwa 20, kana tafiya a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan.
- Zurfin santimita 10 ya isa, don nan ne yawancin saiwar ciyawa take. Ka cire ganye da tattakar da ke sama.
- Ka zuba a bokitin roba mai tsabta, ba na ƙarfe ba, kuma ba wanda aka taɓa zuba taki ko siminti ba.
- Ka cakuɗa sosai, ka shanya a inuwa ta sha iska, ka ɗebi kamar rabin kilo ka ƙulla a leda.
- Ka rubuta sunan ɓangaren da kwanan wata da irin ciyawar.

Kar ka ɗiba in ba a daɗe da zuba taki ba, ka bari a yi kamar mako shida. Wuraren da ake gwaji sun haɗa da cibiyar IITA da ke Badun, da cibiyar IAR&T da ke Moor Plantation a Badun ɗin dai, da sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i irin su Jami'ar Ibadan da Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta da Jami'ar Nsukka. In ka kai, ka gaya musu ciyawar fili ce, ba rogo ko masara ba. Filin gida gwaji ɗaya a shekara biyu ko uku ya wadatar. Filin yashi ko filin ƙwallo gara duk shekara. Ka riƙe wuri ɗaya da lokaci ɗaya na shekara, don ka iya gwada takardar bana da ta bara.

Layin farko da za ka duba: pH

Takardar da Turanci take zuwa, amma alamominta kaɗan ne. Na farko shi ne pH, wato ma'aunin tsami. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kuma ƙasar ta karkata wajen kanwa. Kar ka raina tazarar lamba ɗaya: ƙasa mai pH 5 ta ninka mai pH 6 tsami sau goma.

Yawancin ciyawa ta fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. In ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da ke cikin ƙasa yana narkewa ya hana saiwa tafiya, kuma fosfaras yana maƙalewa a jikin ƙasa ciyawa ta kasa shan sa. A nan ne mutum zai yi ta zuba taki bai ga komai ba, kamar yadda ya faru da ni. In kuma ya haura 7.5, kamar inda aka binne siminti, sinadarin ƙarfe ne yake maƙalewa, sai ka ga sababbin ganye sun yi rawaya.

Ka lura da abin da aka rubuta kusa da pH ɗin. In H2O ne, da ruwa aka auna, kuma shi ne lambobin da na faɗa suke nufi. In CaCl2 ne ko KCl, lambar takan fito ƙasa da ta ruwa da kamar rabin maki zuwa maki ɗaya. Kar ka tsorata ka je ka sayo abin da ba ka buƙata.

Maganin tsami shi ne farar ƙasa ta noma, wato garin dutsen da aka niƙa. Akwai irin da ake kira dolomait, mai ɗauke da magnesiyam, shi ya fi dacewa in takarda ta nuna magnesiyam ya yi ƙasa. Ban da farar ƙasar magina ta shafe bango, wannan ƙona ciyawa take yi. Ka nemi masu gwajin su rubuta maka adadin da ƙasar take buƙata. A ƙasar yashi nakan fara da kilo 10 a kan murabba'in mita 100, in sake gwaji bayan wata shida. Ko da ƙasar laka ce, kar a wuce kilo 25 a zubi ɗaya. Tokar itace ma tana rage tsami kuma tana da fotasiyam, amma a barbaɗa ta sama-sama. Kar ka haɗa toka ko farar ƙasa da yuriya rana ɗaya, don ƙarfin yuriyar zai bi iska. Ka bar mako biyu ko uku a tsakani.

OC, OM da CEC: ƙarfin ƙasar

OC ko OM suna nuna yawan ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikin ƙasar, abin da yake sa ta baƙi da laushi. In OC aka ba ka, ka ninka da 1.72 ka sami OM. A ma'aunin da ake yawan amfani da shi a Najeriya, OC ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ya yi kaɗan, 1 zuwa 1.5 matsakaici, sama da haka ya yi kyau.

CEC, ko ECEC a wasu takardun, shi ne ƙarfin ƙasa na riƙe taki. Ni nakan ɗauke shi kamar girman rumbu. Ƙasa da 6 ƙaramin rumbu ne, 6 zuwa 12 matsakaici, sama da 12 babba. Yashin ciko kusan kullum a ƙasan layi yake. In rumbunka ƙarami ne, kome yawan abin da ka kawo ba zai ɗauka ba, ragowar ruwa ne zai tafi da shi. Don haka mai ƙasar yashi kaɗan-kaɗan zai riƙa zubawa, a kai a kai.

N, P da K

N shi ne naitirojin, shi ke sa kore da tofo. Za ka ga layinsa a takarda, amma kar ka dogara da shi wajen lissafi, don naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Ana ruwa ɗaya lambar ta canza. Shi da ido ake bin sa: launin ganye, da yawan abin da inji yake yankowa. In ciyawar tana kore kuma kana aske ta duk mako, ba ta jin yunwa.

P shi ne fosfaras, na saiwa. Ka duba sunan hanyar da aka bi aka auna shi. A Najeriya an fi amfani da Bray-1, wadda ta dace da ƙasa mai tsami. A wannan hanya ƙasa da 10 ya yi kaɗan, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 ya wadata. Akwai kuma Olsen ta ƙasa mai kanwa, da Mehlich-3. Kar a ɗauki lambar Olsen a gwada da ma'aunin Bray-1. Alamar mg/kg da ppm kuwa abu ɗaya suke nufi.

K shi ne fotasiyam, shi ke taimakon ciyawa jure fari da tattaki. Yawanci da cmol/kg ake rubuta shi. Ƙasa da 0.15 ya yi kaɗan, 0.15 zuwa 0.30 matsakaici, sama da 0.30 ya wadata. In kana son mayar da shi ppm, ka ninka da 391.

Waɗancan ma'aunai don amfanin gona aka tsara su. A shekarar 2012 wasu masana ciyawa, Larry Stowell da Wendy Gelernter na PACE Turf a Amurka tare da Micah Woods na Asian Turfgrass Center, suka fito da wani tsari da ake kira MLSN. Sun tattara sakamakon gwajin dubban filaye da ciyawarsu take da kyau, suka duba mafi ƙarancin sinadarin da ciyawa take rayuwa lafiya a kansa. A hanyar Mehlich-3 lambobin su ne: fotasiyam 37 ppm, fosfaras 21, kalsiyam 331, magnesiyam 47. Ma'anar ita ce, muddin ƙasarka ba za ta faɗi ƙasa da waɗannan ba, ƙara wannan sinadarin ba zai ƙara wa ciyawar kyau ba. Aljihun mai fili kawai zai ji a jikinsa.

EC: gishiri

Wanda yake aiki kusa da teku ko gaɓar ruwan Legas, ya nemi a auna masa EC, wato gishiri. A awon da ake jiƙa ƙasa ta zama kamar kunu, lamba 4 zuwa sama ƙasa ce mai gishiri. In an tsarma ta da ruwa mai yawa kafin awo, lambar takan fito ƙarama, don haka ka tambaye su fassararta. Ka kai ruwan burtsatsen ma a auna, don sau da yawa daga nan gishirin yake. Shi ma taki gishiri ne, ƙara shi a irin wannan ƙasa ƙara ciwo ne. Abin yi shi ne a gyara magudanar ruwa, a wanke ƙasar da ruwa mai daɗi, ko a dasa irin ciyawar da ke jure gishiri, wadda masu furanni suke kira fasfalam ta bakin teku.

Lambobin da ke jikin buhu

Kamfa 15-15-15 na nufin cikin kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin, 15 na fosfet, 15 na fotash. Amma fosfet ɗin buhu ba zallar fosfaras ba ne, sai ka ninka da 0.44. Fotash kuma ka ninka da 0.83. Ke nan ainihin abin da ke ciki shi ne N 15, P 6.6, K 12.5.

To ga inda gizo ke saƙar. Ciyawa in ta ci naitirojin kashi 8, fosfaras kimanin kashi 1 take ci, fotasiyam kimanin kashi 4. Kamfa 15-15-15 kuwa a kan kowane kashi 8 na naitirojin tana kawo fosfaras kashi uku da rabi. Ka ga ta ninka buƙatar fiye da sau uku. Wanda ya shekara biyar yana zuba ta, fosfaras ya cika masa fili. Tana da amfani lokacin dasa sabuwar ciyawa in gwaji ya nuna P ya yi ƙasa, amma ba abincin kullum ba ce. In dole sai haɗaɗɗen taki, 20-10-10 ta fi kusa da abin da ciyawa take ci.

Sauran da ake samu a kasuwa:

- Yuriya: naitirojin kashi 46 cikin ɗari. A nan Kudu ake yin ta, a masana'antar Indorama da ke Eleme, da Notore da ke Onne, da ta Dangote da ke Lekki wadda aka buɗe a 2022.
- Supa, wato SSP: fosfet kimanin kashi 18, tare da kalsiyam da farar wuta.
- MOP, jan takin nan mai kama da gishiri: fotash kashi 60.
- Amoniyam salfet: naitirojin kashi 21. Yana ƙara wa ƙasa tsami fiye da yuriya nesa ba kusa ba, don haka ya dace da inda pH ya yi sama, bai dace da ƙasa mai tsami ba.

Lissafin abin da za a zuba

Da farko ka san girman filinka. Tsawo sau faɗi, a cire gini da daɓe. In babu tef, babban taku ɗaya kusan mita ɗaya ne. Fili mai taku 10 da 10 shi ne murabba'in mita 100, kuma da shi za mu riƙa lissafi.

Ƙa'idar ita ce kar a wuce rabin kilo na zallar naitirojin a murabba'in mita 100 a zubi ɗaya. In yuriya ce, ka raba 0.5 da 0.46, ya ba ka kilo 1.1. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi in ka cika ta da yuriya kusan haka take ɗauka. Wannan shi ne iyaka, ba shi ne abin da za a riƙa zubawa kullum ba. A ƙasar yashi, ko tsakiyar damina, rabin gorar nake sa wa. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne. A kan rabin awo zai ci yuriya kilo 39, bai kai buhu ɗaya mai kilo 50 ba. A kan cikakken awo kilo 78.

Bari in kafa misali da takarda. A ce ta fito haka: pH 4.9, OC 0.6, P 34 a Bray-1, K 0.07, CEC 3. Ga yadda zan karanta ta. Ƙasar tana da tsami, tana son farar ƙasa. Rumbunta ƙarami ne, sai kaɗan-kaɗan, kuma tana son takin gargajiya. Fosfaras ya wadata, ba ruwana da kamfa ko supa bana. Fotasiyam 0.07 sau 391 ya ba da 27 ppm, ya gaza 37, ke nan ana buƙatarsa.

Nawa za a sa? A zurfin santimita 10, giram ɗaya a murabba'in mita yana daidai da kimanin 6.7 ppm. A ce a shekara zan ba da naitirojin giram 15 a kowane murabba'in mita. Ciyawar za ta ci fotasiyam rabin haka, giram 7.5. Ajiyar da nake so ta rage a ƙasa, 37 ppm, giram 5.5 ce. Abin da ke ciki yanzu, 27 ppm, giram 4 ne. Sai in haɗa 7.5 da 5.5 in cire 4, saura giram 9. MOP kusan rabinsa ne zallar fotasiyam, ke nan giram 18 a murabba'in mita, wato kilo 1.8 a murabba'in mita 100 a duk shekarar, a raba shi sau uku ko huɗu. Wanda lissafin ya yi wa nauyi ya ba yaro ɗan sakandare, minti biyar ya gama.

Kowace ciyawa da cikinta

Wadda masu furanni suke kira Bahama ko Bamuda ita ce kirikirin da muka sani a gida. Tana son rana, tana jure tattaki, ita ake sa wa filin ƙwallo, kuma ta fi saura cin naitirojin. A filin da ake wasa kullum ana iya ba ta ɗan kaɗan duk mako huɗu zuwa shida lokacin da take tofo. Kafet mai faɗin ganye tana jure inuwa da damshi da tsami, ko a pH 5 zuwa 6 tana rayuwarta, kuma zubi biyu ko uku marasa nauyi a shekara sun ishe ta. Kar ka wahalar da kanka da farar ƙasa a kanta sai in tsamin ya yi tsanani. Wadda ake kira ciyawar Fatakwal ita ma ba ta da ci. Ta Koriya mai laushin nan a hankali take girma, in aka cika mata taki sai tattaka ta taru a ƙarƙashinta ta zama kamar katifa, ruwa ya kasa shiga.

Lokacin zubawa

A Legas da Badun da Abekuta damina biyu ce: daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a dawo Satumba da Oktoba. Lokutan da na fi so su ne farkon damina bayan ruwa ya zauna, da lokacin sararawar Agusta in ƙasa da damshi, da ƙarshen Oktoba kafin rani. A Yuni da Yuli da ake kwana ana ruwa, abin da ka zuba kwata ka zuba wa. Da rani kuma in ba ban ruwa ake yi ba, kar a sa komai, ciyawar da ba ta tofo ba ta cin taki.

Ranar zubawa ka bari raɓa ta bushe, ko ka bari sai la'asar. Ka raba takin biyu, rabi ka watsa kana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, don kar ya taru wuri ɗaya. Kana gamawa ka bi shi da ruwa, kamar lita 5 zuwa 10 a kowane murabba'in mita. In ka ga hadari ya haɗu sosai, ka bari sai gobe. Wanda ya zube a kan daɓe ka share shi ka mayar cikin ciyawa. Ka bar tazarar 'yan mitoci tsakaninka da rijiya ko bakin kwata.

Takin gargajiya da yankakkiyar ciyawa

A nan mu ke da riba a kan kowa, don kasuwannin shanu a hannun mutanenmu suke: Kara da ke bakin hanyar Legas zuwa Badun, da Oko-Oba a Agege, da Akinyele a Badun. Ga gonakin kaji birjik a Ogun da Oyo. Amma ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyayi, ɗanyen kashin kaji kuma ƙuna yake yi, ga wari da ƙuda da za su haɗa ka da maigida. Ka tara shi, ka riƙa juyawa kana yayyafa ruwa wata biyu zuwa uku, har ya yi baƙi warin ya mutu. Sai ka tankaɗe, ka barbaɗa kaurin da bai wuce santimita ɗaya ba, ka bi da tsintsiya ya shige. Ka tuna kashin kaji yana da fosfaras da yawa, in P ya riga ya hau a takarda, a sassauta.

Yankakkiyar ciyawa ma taki ce. In ka bar ta a filin ta ruɓe, tana iya rage maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na takin shekara. Sharaɗin shi ne kar ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski ɗaya, don abin da ya zubo ya zama ƙanana ya shige. In ta yi tsawo har ta taru dami-dami, ka kwashe ka kai wurin tara taki.

Ba kowace rawaya ce yunwa ba

Kafin ka ce taki, ka duba waɗannan. In tsofaffin ganye ne suka yi rawaya ko'ina bai ɗaya, naitirojin ne. In sababbi ne, ka zargi pH. In ka soka sukundireba ta ƙi shiga, ƙasar ta daddale, sai a bi ta da cokalin haƙa a huda ta. In ruwa yana kwanciya, saiwa ce take ruɓewa. In ƙarƙashin bishiya ne, inuwa ce. In bakin ganyen ya yi fari ya tsattsage, wuƙar inji ce ta dakushe. Akwai kuma tsutsa da gara da fitsarin kare. Duk waɗannan ko buhu goma ka zuba ba za su warke ba.

Inda ragowar takin take zuwa

Naitirojin da ciyawa ba ta sha ba yana gangarawa cikin ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita, kuma jarirai ne suka fi shiga haɗari in ya wuce haka. Mu da yawancinmu ruwan rijiya muke sha a unguwanninmu, wannan magana tamu ce. Fosfaras kuma yana bin kwata zuwa tafki da gaɓar ruwa, ya zama abincin ciyayin ruwa irin kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, wadda har yau take toshe wa masu kwale-kwale da masunta hanya. Ba takin lambu kaɗai ke ciyar da ita ba, amma bai kamata mu ƙara ba.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ka sayi ɗan littafi. Ka rubuta ranar da ka zuba, da irin takin, da nauyinsa, da yadda ciyawar ta yi bayan mako biyu, ka manna takardar gwajin a ciki. Ran da maigida ko shugaban makaranta ya tambaye ka dalilin da bana ba ka nemi kuɗin kamfa ba, sai ka buɗe masa. Ni dai tun da na fara haka ban sake ƙona fili ba, kuma littafin nan ya samo mini aiki fiye da sau ɗaya. Allah Ya ba da sa'a.